Daga Cin Jarrabawar Lasisi Zuwa Albashin Farko: Jagora Ga Sababbin Nas-nas Na Zangon Kumasi

Tun da sakamakon jarrabawar lasisi ya fito wayata ba ta huta ba. Daga Aboabo, daga Sawaba, daga Tafo Zango, tambayar ɗaya ce: "Yaya, na ci, yanzu sai me?" Shekaranjiya ma wata Hajiya ta tare ni a wajen mai koko, ta riƙe mini mayafi ta ce, "'Yar nan, shekara uku muna biyan kuɗin makaranta, yanzu kuma a ce ƙanwarki ta zauna a ɗaki tana kallon silin?" Na gaji da maimaita amsa a saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Jiran aikin nas a ƙasar nan iri biyu ne. Akwai wanda ba ya hannun kowa a cikinmu, wato jiran Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin ɗaukar ma'aikata, abin da kowa ke kira kiliyarans. Wannan sai haƙuri da addu'a. Akwai kuma wanda mutum ke ƙara wa kansa: suna bai daidaita ba, wa'adi ya wuce, an karanta rosta, wato jadawalin aiki, a baibai. A kan na biyun zan tsaya. Da "ke" zan yi magana don mu mata mun fi yawa a aikin. Ƙannena maza, har da ku nake.

1. Daidaita suna kafin komai

Baje takardunki duka a kan tabarma: takardar haihuwa, Ghana Card, sakamakon WASSCE, takardar kammala makarantar jinya, sakamakon jarrabawar lasisi, da takardar buɗe asusun banki. Karanta sunanki a kowace ɗaya harafi bayan harafi, sannan ranar haihuwa.

Mu 'yan Zango nan ne muka fi faɗuwa. Malamin firamare ya rubuta Ayishetu, a sakandare aka koma Ayisha, a Ghana Card kuma Aisha. Sunan uba a nan Mohammed, a can Muhammed. Wata takardar ta ɗauki sunan kaka a matsayin sunan ƙarshe, wata ta bar shi. A gida duk ke ce, amma kwamfuta ba ta san dangi ba; harafi ɗaya ya bambanta, sai ta ce mutum biyu ne.

Idan kin ga bambanci, ki je wajen mai rantsarwa a kotu a yi miki takardar rantsuwa cewa sunayen duk naki ne. Idan canji ne sosai, kamar ƙara sunan miji bayan aure, sai an buga a gazet, jaridar sanarwar gwamnati. Gyaran abin da ke kan Ghana Card kuma a ofishin NIA, hukumar da ke ba da katin, ake yi. Kowanne da kuɗinsa, kowanne da kwanakin da yake ci.

Hattara: kada ki bari sai an buɗe ɗaukar aiki. Na ga yarinyar da ta gano wannan matsala ana saura kwana huɗu a rufe, ta yi ta zarya tsakanin Adum da Asawase a pragya tana kuka. Shawarata ga amare: ki bar sunan da ke kan takardun makarantarki yadda yake har albashinki ya fara sauka. Auren ba zai lalace ba don wannan.

Sai kayan aiki. Fayil na roba mai zif guda biyu, ɗaya na takardun asali, ɗaya na kwafi. Kowace takarda ki yi mata kwafi biyar. Hoton fasfo mai farin baya, dozin ɗaya. Ki ɗauki hoton kowace takarda a sarari, ki mayar da shi PDF, ki tura wa kanki ta imel. Imel ɗin ya kasance da sunanki na gaskiya. Lambar waya kuma ɗaya tak, wadda aka yi rajistarta da Ghana Card ɗinki, ba ta Yaya ko ta Baba ba.

2. Rajista da Majalisar Jinya da Ungozomanci

Cin jarrabawa bai ba ki ikon taɓa maras lafiya ba sai Majalisa ta yi miki rajista; dokar 2013 mai lamba 857 ce ta ba ta wannan hurumi. Babban ofishinta na Akra, ko Ankara kamar yadda muke faɗa a Zango, amma akwai ofishin yanki a nan Kumasi, don haka kada ki ƙona kuɗin motar VIP a banza. Ki bi sanarwar Majalisar ta kanta kan ranar rajista da ranar rantsarwa da kuɗin da za a biya, ba hoton da aka turo a zauren WhatsApp ba. Ki adana kowane rasit.

Lambar da za ki riƙa aiki da ita ita ce PIN. Mataimakan nas kuma tasu AIN ce. Duk shekara ake sabunta ta, kuma sabuntawar na tafiya da makin ƙarin horo da ake kira CPD.

Hattara: masu zaman gida su suka fi barin PIN ya mutu, wai ai ba su aiki. Ranar da aiki ya faɗo, abin da za a fara dubawa ke nan. Ki rubuta ranar ƙarewarsa a waya, ki sa ta tuna miki tun ana saura wata biyu.

3. Shekarar roteshin

Shekara ɗaya ce ta bautar ƙasa, ana zagaya da ke ɗakunan asibiti. Tsarinta: a fitar da lambobin shiga, ki biya kuɗin kunna taki, ki cike fom a intanet, ki jira fostin, wato inda za a tura ki, ki buga takardar, ki kai wa asibitin su sa hannu da hatimi, sannan ki je tantancewa a ofishin yanki. A shekarun baya kuɗin kunna lambar sidi 40 ne a bankin ADB, ko sidi 41 ta MoMo. Ki duba sanarwar shekararki kafin ki biya.

Abu biyu ke ɓata wa mutane wannan shekara. Na farko fom ɗin wata-wata da shugabar ɗaki ke sa wa hannu; watan da bai shiga a kan lokaci ba, alawus ɗinsa na iya maƙalewa. Na biyu littafin roteshin. Kafin ki bar kowane ɗaki, ki tabbata incaj, wato shugabar ɗakin, ta sa hannu ta buga hatimi. Kada ki ce sai ƙarshen shekara ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Lokacin wata ta tafi hutun haihuwa, wata an mayar da ita wani gari, wata ta haye Ingila.

Kafin ki gama, ki nemi mutum biyu da suka ga aikinki su yarda su tsaya miki shaida. Ki karɓi lambobinsu da izininsu. Da kin gama, ki karɓi takardar kammala bautar ƙasa da zarar ta fito.

4. Zaman jira: lokum (aikin wucin gadi) da asibitoci masu zaman kansu

Kada wani ya ruɗe ki cewa wata uku ne. A watan Agustan 2024 Ma'aikatar Lafiya ta buɗe ɗaukar nas-nas da ungozomomi 15,200, kuma 'yan rukunin 2020 ne aka kira. Ki yi lissafin tazarar da kanki. Hannun da ya yi shekaru bai sa kanula ba yana mantuwa, don haka ki nemi inda za ki riƙa aiki ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba.

CV ɗinki kada ya wuce shafi biyu. A sama suna, waya, imel da PIN. Sai ɗakunan da kika zagaya da abin da kika yi a cikinsu da hannunki. Ki rubuta harsunan da kike ji: Hausa, Tuwi, Turanci, da Dagbani ko Mosanci in kina ji. Asibitin da ke kusa da Aboabo ko Alabar ya san darajar nas da za ta iya yi wa tsohuwa bayanin maganin hawan jini da harshen da take ganewa.

Ki kai takardar da ƙafarki, da safe tsakanin Talata da Alhamis. Litinin kowa a hargitse yake. Ki nemi ganin shugabar nas-nas, kada ki bar ta a hannun mai gadi. Ki rubuta a ɗan littafi inda kika kai da ranar da kika kai, bayan mako biyu ki leƙa. Za a ce miki "za mu kira ki" sau goma ba a kira ba. Ba baƙin jininki ba ne, haka kasuwar take.

Hattara a nan kashi uku ne. Ki duba bango ki ga ko wurin na da lasisin HeFRA, hukumar da ke ba wa asibitoci izinin aiki. Wurin da ba shi da rajista, in abu ya ɓaci, PIN ɗinki ne a wuta. Sannan a yi maganar kuɗi kafin ki sa yunifom: nawa ne na safe, nawa ne na dare, yaushe ake biya. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce aikin da ya kai wata shida sai da yarjejeniya a rubuce, kuma in aiki ne na dindindin ki tambayi SSNIT, asusun fansho: kashi 5.5 daga albashinki, kashi 13 daga mai wurin. Na uku, "zo ki yi mana sa-kai, in gurbi ya samu ke ce ta farko." Na yi wannan wata bakwai a wani wuri, ko kuɗin trotro ban gani ba, da gurbin ya samu 'yar ƙanwar mai wurin aka ba. In za ki yi, ki yanka wa kanki wa'adi, kuma ki fita da takardar shaida.

Maganar hijabi da sallar Juma'a ki yi ta tun ranar farko, cikin ladabi. Ta fi sauƙi kafin a saba.

5. Ranar intabiyu

Da an kira ki, kafin ki kashe waya ki maimaita: wace rana, ƙarfe nawa, wane reshe, wa zan nema. Ki roƙa a turo miki a rubuce. Farin ciki na toshe kunne. Wasu asibitocin na da reshe biyu ko uku a cikin gari, kuma daga Tech zuwa Sofoline da safe ba tafiyar minti goma ba ce.

Kada ki karɓi intabiyu washegarin aikin dare. Ni na yi. Na miƙa aiki ƙarfe takwas da rabi, na wanke fuska, na tari mota a Kejetia, na isa idona ja wur. Aka tambaye ni lissafin ɗigon ruwa, abin da nake yi kullum: lita ɗaya cikin awa takwas, da layin da ke ba da ɗigo 20 a mililita. Amsar ɗigo 42 ne a minti. Na tsaya ina kallon likitan kamar ya yi mini Sinanci. Da na nemi musanya dutin tun kwana uku kafin nan, da ba haka ba.

In a Ankara ne, ki kwana can. Hanyar ta kai kilomita 250, kuma cunkoson Nsawam zuwa Pokuase ba ya jin roƙo. Kowa na da 'yar'uwa a Nima ko Madina. Motar asuba caca ce.

Masu neman aiki a ƙasashen waje, ku karanta nan sau biyu. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Ingila na gaban namu da awa ɗaya. In sun ce ƙarfe 10, ƙarfe 9 ne a Kumasi. Sauran watannin agogonmu ɗaya. Amurkawa kuma wata suke fara rubutawa kafin rana: 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, ba 3 ga Afrilu ba. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da OET shekara biyu yake rayuwa, kuma dubban sidi ake biya, don haka kada ki rubuta shi tun ba ki da kuɗin matakin da ke biye, ya mutu a fayil. A IELTS, majalisar jinya ta Ingila na neman maki 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu.

6. Karanta rosta

Wannan ya shafe ki tun daga roteshin har ki yi ritaya. A yawancin asibitocinmu dutin safe daga 8 zuwa 2 ne, na yamma 2 zuwa 8, na dare 8 zuwa 8 na safe. Ki iso minti goma sha biyar kafin lokaci saboda karɓar aiki. Wadda za ki canza ita ma tana da yara a gida.

Ga tarkon da ya kama ni, kuma na san ya kama wasu 'yan Zango. Mu a bakinmu daren Juma'a shi ne daren da ake shiga bayan magaribar Alhamis, don dare ke gabatar rana. A rosta ba haka ba ne. In an sa miki N a ƙarƙashin Talata, ƙarfe 8 na daren da ke bin yinin Talata za ki shiga, ki fito safiyar Laraba. Makona na farko a wani lokum, incaj ta ce mini a waya ina da dare ranar Talata. Na ce wa mahaifiyata "daren Talata ne", ita kuma ta tashe ni da la'asar ɗin Litinin ta haɗa mini tuwo a kula. Na isa na tarar da mai dutin zaune tana cike takardu. Ta ɗago ta ce, "Sista, lafiya?" Aka yi dariya na koma gida. Da a ce akasin haka ya faru, na bar ɗaki ba nas, da ba dariya za a yi ba.

Saboda haka: ranar da rosta ta fito ki ɗauki hotonta, ki kwafe dutinki cikin kalandar waya da kwanan wata da awa, ba da sunan rana kaɗai ba. Ki sake dubawa tsakiyar mako, don ana gyara ta da biro ba a faɗa wa kowa ba.

Musanya duti ba ta tabbata sai incaj ta sani an rubuta. "Ai mun yi magana da ita" ba hujja ba ce. Sunan da ke kan rosta shi za a tuhuma. In kina lokum wuri biyu, kada ki haɗa dare a nan da safe a can. Kuɗin na da daɗi, amma a irin wannan gajiyar ake ba da magani ga gadon da ba shi ba.

Sallah kuma, tunda sai an ga wata Babban Limami ya sanar, ki roƙi kwana biyu a jere tun kafin a rubuta rostar watan. Hanya mafi sauƙi: ki karɓar wa abokiyar aikinki Kirsimeti ko Ista, ita ta riƙe miki Sallah. Da azumi wasu sun fi son dare, wasu safe. Ko wanne ne, ki faɗa da wuri.

7. Ranar da aka buɗe fotal (shafin neman aiki na intanet)

Idan kiliyarans ya fito, Ma'aikatar Lafiya kan sanar da ranar buɗewa, da awa, da ranar rufewa, da rukunin da abin ya shafa. Ki fara tabbatar rukuninki ne. Sannan ki manta da ranar rufewa. Ranar buɗewa ce taki, don guraben yankunan da kowa ke so su ke fara ƙarewa.

Daren jajibiri ki cika waya da caji, ki sayi data a layi biyu daban, ki yi magana da mai kafe ko mai kwamfutar tafi-da-gidanka saboda dumso. Ki rubuta a takarda ɗaya: PIN, lambar jarrabawarki, lambar Ghana Card, imel da kalmar sirrinsa. In shafin ya ƙi buɗewa kada ki firgita, dubbai ne a kansa lokaci ɗaya. Ki ci gaba da gwadawa, har cikin dare.

Za ki zaɓi hukumar da kike so: Hukumar Lafiya ta Ghana, asibitocin mishan na CHAG, na Ahmadiyya, asibitocin koyarwa irin su Gee (Komfo Anokye) da Korle Bu, ko ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Wannan shawarar a gida ake yanke ta, da iyaye ko maigida, tun kafin ranar. Kada ki zauna gaban kwamfuta kina kiran Baba a kasuwa kina tambaya ko ya yarda ki je Salaga.

Ra'ayina, ko da wasu za su ji haushi: duk wadda ba ta da abin da ya ɗaure ta, ta daina nacewa kan Ashanti da Ankara. Yankuna 16 ne a ƙasar. A Yendi, Bawku, Wa, Salaga, Hausarki jari ce, akwai masallaci, akwai Zango, kuma hannu ya fi saurin gogewa inda ma'aikata suka yi ƙaranci.

Hattara: ke za ki cike da hannunki, ko ki tsaya a kan mai cikewa ki karanta kowane layi kafin ya tura. Ki buga takardar shaidar kammalawa, ki ajiye kwafi. In an rubuta wa'adi 12:00 na dare, ki ɗauka jiya ne ya ƙare. Sai 'yan furotokol: duk wanda ya ce ki turo MoMo zai sa sunanki ko ya canza miki yanki, ɓarawo ne, ko da ya kira cikakken sunanki da makarantarki. Ma'aikatar ta sha nanata cewa ba a biyan ko sisi.

8. Daga fostin zuwa albashi

A Hukumar Lafiya ta Ghana abin hawa-hawa ne: hedikwata ta tura ki yanki, yanki ya tura ki gunduma, gunduma ta tura ki asibiti ko ƙaramar cibiya. Kowane mataki da takardarsa da wa'adin bayyana. Ko kina da niyyar roƙon canji, ki fara bayyana ki sa hannu; wadda ba ta zo ba ana iya ɗauka ta ƙi aikin.

Ranar da kika kama aiki ki tabbata an rubuta miki takardar kama aiki da ainihin kwanan watan, don daga ita ake lissafin bashin albashinki. Sai gwajin lafiya, fom ɗin IPPD na shiga tsarin albashin gwamnati, bayanan banki, lambar SSNIT, da ɗaukar yatsa na ofishin Akanta Janar. Daga nan lambar ma'aikaci ke fitowa, kuma ba ta, ba albashi. Duk takardar da kika miƙa, ki riƙe kwafi mai hatimin "an karɓa", ki rubuta sunan ofishin da ranar.

Ki tafi da guzuri. Da yawa daga waɗanda aka ɗauka a 2024 sun yi watanni suna aiki ba albashi, har suka fita zanga-zanga a Ankara a 2025. Kuɗin lokum ɗin da kika tara, ki ware na haya da abinci na aƙalla wata shida kafin ki ɗinka ankon kowa. Ki yi rajista da ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta GRNMA a reshen da kike, ki san wakilinku. Duk ƙarshen wata ki leƙa wajen jami'in ma'aikata ki tambayi inda fayil ɗinki ya kwana: yana gunduma, yana yanki, ko ya isa Ankara. Da lambar ta fito, ki buɗe shafin takardar albashi ta intanet, ki duba matakin da aka ɗora ki, da ranar fara aiki, da lambar asusun banki. In ɗaya ya karkace, ki rubuta takardar ƙorafi a makon, ki bi ta hannun shugabar nas-nas, ki riƙe kwafinki.